Ƙurar Sana'a da Ciwon Dajin Hanci

Wannan shi ne jawabin da ma'aikatan sashen lafiya na hukumarmu suka gabatar a taron masu sana'ar hannu a Jangeru. Mun buga shi domin a karanta a majami'u da ƙungiyoyin zumunta na yankin Shinkafi, Zurmi da Ƙaura Namoda, a kuma karanta wa maƙwabta.

Mun san abin da mutum yake rasawa idan ya rufe rumfarsa rabin yini a wannan lokaci. Mun kuma san waɗansunku sun biyo hanyar da ba a binta sai da addu'a. Mun gode wa Allah da ya kawo ku lafiya.

Yawancin lokaci idan muka zo, maganarmu a kan yara ce: zazzaɓin cizon sauro, tamowa, rigakafi, ruwan sha. Yau maganar ta manya ce, ta masu zarto da samfefa, ta dukawa da masu walda. Cutar da za mu yi magana a kanta ba ta da yawa. A yawancin ƙasashe, cikin mutum 100,000 da wuya ta kama mutum ɗaya a shekara. Wani zai ce, to, don me za mu ɓata yini a kanta? Dalilinmu shi ne, ba kowa take bi ba. Tana da gidajen da ta fi shiga, kuma masu gidajen suna zaune a nan gabanmu.

Bari mu fara da labarin wani dattijo da muka yi jinyarsa. Ba za mu faɗi sunansa ko garinsu ba. Tun yana yaro aka kai shi birni koyon kafinta. Ya yi shekaru da yawa a shagon da ake yin gadaje da kujeru, shi ne mai gogewa kafin a shafa fenti. Da girma ya zo, ya dawo gida ya kama noma da ɗan kiwo. Wata rana hancinsa na dama ya toshe. Ya ce mura ce. Ya sayi maganin ɗigawa a kemis, ya sami sauƙin kwana biyu, abin ya dawo. Bayan wata uku ya fara haɓo, kullum ta hancin nan guda. Sai haƙoransa na sama suka fara girgiɗa, aka cire masa biyu. Aka kai shi wurin wanzami, aka yi masa ƙaho a kunci. Waɗansu dangi suka ce jifa ce. Sai da idonsa na dama ya fara turowa waje, sannan aka sayar da ɗan bijimi aka kai shi babban asibiti. A lokacin an haura shekara guda da fara ciwon. Da likita ya tambaye shi aikin da ya yi a rayuwarsa, ya kuma ce masa ƙurar katako tana iya kawo irin wannan, sai ya ce, "Likita, ni da na bar katako shekara goma sha biyar, me ya haɗa ni da ƙura?" Bai kai wata shida ba ya rasu.

Tambayar nan tasa ita ce dukan jawabinmu na yau. Amsarta ita ce, wannan cuta tana da jinkiri ƙwarai. Tsakanin ranar da mutum ya fara shaƙar ƙurar da ranar da ciwon zai bayyana, akan yi shekara 30 zuwa 40, wani lokaci fiye. Mutum zai iya barin sana'ar, ya manta da ita, ciwon yana nan tafe.

Abin da ke bayan hanci

Hanci ba waɗannan ƙofofi biyu kaɗai ba ne. A bayansu akwai fili mai zurfi wanda ya tafi har maƙogwaro. A gefensa kuma akwai koguna cikin ƙasusuwan fuska, cike da iska. Akwai babba a kowane kunci, daidai saman haƙoran sama. Akwai ƙanana masu kama da saƙar zuma a tsakanin idanu biyu. Akwai a goshi, akwai kuma can ciki. Allah ya shimfiɗa wa dukansu fata mai laushi da danshi. A kan fatar akwai ƙananan gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa dare da rana kamar masu shara, suna tura majina da ƙurar da ta manne mata zuwa maƙogwaro, mu haɗiye ko mu tofar.

Wannan shara tana isar mutum a rayuwa ta yau da kullum. Amma idan ƙura ta yi yawa, kowace rana, shekara da shekaru, masu sharar sukan gaji. Ƙurar takan daɗe a wuri ɗaya tana cin fatar. Fatar tana warkewa tana sake ƙujewa, har wata rana wani sashe nata ya fara girma ba bisa ƙa'ida ba. Wannan shi ne ciwon daji, ko sankara. Da yake a cikin kogo yake tsirowa, yana da wurin ɓuya. Zai yi girma ba tare da zafi ba, sai ya cika kogon ya fara tura bango: ƙasa zuwa haƙora, gefe zuwa ido, sama zuwa ƙwaƙwalwa. Abin da ya faru da dattijon nan ke nan.

Akwai abin da ya kamata mu raba tun yanzu. A ƙasarmu ta Zamfara da Sakkwato, ciwon nan da yake cin kunci da leɓen ƙananan yara masu tamowa, wanda likitoci suke kira noma, shi ma mutane sukan ce masa ciwon daji. Sunan ɗaya ne, amma cutar daban. Na yara ƙwayoyin cuta ne suke kawo shi, yana gudu cikin kwanaki, maganin kashe ƙwayoyin cuta yana tsayar da shi idan an yi sauri, kuma akwai asibitinsa na musamman a Sakkwato tun 1999. Wanda muke magana a kansa yau na manya ne, yawanci waɗanda suka wuce shekara 50, ya fi kama maza, kuma kafso ko allurar kemis ba su taɓa shi.

Yadda aka gane

Ba a ɗakin gwaji aka fara gane wannan ba. Likitoci masu lura ne suka gane, ta wurin tambayar marasa lafiya aikinsu. A Ingila akwai wani gari, High Wycombe, wanda ya yi suna wajen yin kujeru. A farkon shekarun 1960 wata likitar kunne da hanci da maƙogwaro mai suna Esme Hadfield ta lura cewa masu zuwa wurinta da wani irin dajin hanci da ba a cika gani ba, kusan dukansu masu aikin kujeru ne. Wani likita, Ronald Macbeth, ya bayyana wannan a rubuce a 1965. A 1968 Donald Acheson da abokan aikinsa suka ƙirga, suka tarar cewa irin wannan daji ya fi yawa a cikin masu aikin katakon ninki ɗaruruwa a kan sauran jama'a. A 1969 gwamnatin ƙasar ta sa shi cikin cututtukan da ake biyan ma'aikaci diyya a kansu. A 1970 aka tarar da irin wannan a yankin Northampton, inda ake yin takalma, a cikin masu yanka da goge fatar tafin takalmi.

Kafin wannan ma, an ga abin a wata masana'antar tace ƙarfen nikel a Clydach, a ƙasar Wales, wadda aka buɗe a 1902. Ma'aikatan farko sun yi ta mutuwa da dajin hanci da na huhu. Abin da ya sa muka kawo labarin Clydach shi ne ƙarshensa. Da aka canja yadda ake aikin, ƙura ta ragu, waɗanda suka fara aiki bayan 1930 ba su gamu da abin da na gabansu suka gamu da shi ba. Sana'ar ba ta mutu ba, ƙurar ce aka rage.

Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda take birnin Lyon a Faransa, a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta tattara irin waɗannan bincike daga ƙasashe da yawa. A 1995 ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji ga ɗan adam. Ƙurar fata ma tana cikin jerin, haka sinadaran nikel, haka shan taba sigari.

Mu dawo gida

Wani zai ce wannan maganar Turawa ce da masana'antunsu. Bari mu duba rumfunanmu.

Masassaƙin gargajiya, mai yin turmi da taɓarya da ƙota da akushi, da gizago yake aiki. Gizago sassaƙe yake fitarwa, manya, suna faɗuwa ƙasa. Kuma a gindin itace yake zama, iska tana wucewa. Nasa haɗarin da sauƙi. Amma aiki ya canja a idonmu. Yanzu a Shinkafi da Ƙaura da Gusau akwai injin yanka katako, injin gyara fuskarsa, injin gogewa, da janareta a bakin ƙofa. Injin gogewa ba sassaƙe yake fitarwa ba, gari yake fitarwa mai laushi kamar na alkama, wanda yake tsayawa cikin iska awa da awa. Ku tsaya a ƙofar shago da hantsi, ku dubi hasken rana da ya shigo ta taga. Abin nan da kuke gani yana yawo a ciki, shi ne muke nufi. Akwai kuma wanda ya fi shi ƙanƙanta, wanda ko a hasken ba a gani.

Binciken ya nuna itace mai tauri ya fi haɗari. To, itatuwan da muke alfahari da su, maɗaci, ƙirya, maɗobiya, kawo, da loko da ake kawowa daga kudu, duk masu tauri ne. Ga kuma katakon zamani da ake haɗawa da garin itace da gam a matse, wanda ake yin kabad da teburin talabijin da shi. Idan aka yanka shi da inji, ƙurarsa ta fi ta kowane laushi, gam ɗin kuma yana ɗauke da sinadarin famalin, irin wanda ake adana gawa da shi. Hukumar nan ta Lyon ta tabbatar famalin yana kawo daji a can bayan hanci, inda ya haɗu da maƙogwaro. Kada a dafa abinci da guntayen wannan katako, ko da kyauta aka ba ku.

Domin ku gane yawan ƙurar da ake magana, a ƙasashen Tarayyar Turai tun 2023 doka ba ta yarda ƙurar itace mai tauri ta wuce miligiram 2 a kowace mita guda ta iska ba, wato tsawo mita ɗaya, faɗi mita ɗaya, bisa mita ɗaya. Mu ɗauki shago mai mita 4 a tsawo, 4 a faɗi, 3 a bisa. Dukan ƙurar da aka yarda ta kasance cikin iskarsa ba ta kai miligiram 100 ba. Ƙwayar farasitamol guda tana da miligiram 500 na magani. Ke nan kashi ɗaya cikin biyar na ƙwaya ɗaya, a watse cikin ɗaki duka. Kowane kafinta a nan ya san abin da yake fyacewa daga hancinsa da yamma.

Dukawa, ku ma da ku muke. Ƙasarmu ta yi suna da fatar jar akuya tun kafin zuwan Turawa, har ana ketare Sahara da ita. A binciken Ingila da na Italiya, ba majema masu aiki da jiƙaƙƙiyar fata ne suka fi kamuwa ba. Masu yanka busasshiyar fata mai kauri da goge ta a inji ne, musamman ta tafin takalmi, wadda aka jeme da ɓawon itatuwa, kamar yadda mu muke yi da bagaruwa. Baduku mai wuƙa da basilla yana da sauƙi. Mai gyaran takalmi da ya sayi ɗan injin gogewa ya sa a cikin kwantena, ya kamata ya ji wannan magana da kyau.

Masu walda, hayaƙin da yake tashi idan kuna haɗa ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na ƙofofi da barandar gidajen zamani, yana ɗauke da nikel da kuromiyam. Kun saba kare ido, domin ciwon ido a daren nan yake zuwa. Hanci ba ya kuka da wuri, shi ya sa ba a kula da shi. Kada ku sunkuya kanku ya shiga cikin hayaƙin, kada kuma ku yi walda a rufaffen wuri.

Sai taba. Fadamun wannan yanki sun daɗe suna noma ta, mun san ta ciyar da gidaje. Amma gaskiya sai an faɗa. Mai shan sigari yana ƙara wa kansa haɗarin dajin hanci, ban da na huhu da maƙoshi. Kafinta mai shan sigari ya haɗa wa hancinsa abokan gaba biyu. Garin taba da ake haɗawa da kanwa a sa a baki, an tabbatar yana kawo dajin baki da na maƙoshin abinci. Game da shaƙa shi a hanci kuwa, tun 1761 wani likita a London, John Hill, ya yi gargaɗi bayan ya ga tsiro a hancin masu yin haka.

Za ku tambaye mu ƙurar hunturu da hayaƙin murhu. Ƙurar hunturu tana kawo mura, tari da haɓo, tana tayar da asma, amma ba ta cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna kawo dajin hanci. Hayaƙin itace a rufaffen madafi illarsa babba ce, a huhu da zuciya da ido, kuma mata da goyonsu ne suke shan ta. Wannan magana ce ta wata rana, za mu kawo ta wurin zumuntar mata.

Abin da Bagega ta koya mana

Babu wanda zai koya wa mutumin Zamfara cewa ƙura tana kisa. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, 'Yargalma da Abare, daga baya aka gane har da Bagega. Duwatsun zinariya ake kawowa cikin gidaje, a daka, a niƙa a injin niƙan hatsi. Duwatsun suna ɗauke da gubar dalma. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, a tabarma, a kwanon abinci. An ƙiyasta yara 400 suka rasu, dubbai suka sha magani. Sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega.

Gubar dalma daban, dajin hanci daban, kada a haɗa. Abin da ya haɗa su shi ne hanyar. Iyayen nan ba mugaye ba ne, abinci suke nema, ba su san abin da ke cikin ƙurar ba. Abin da aka koya a can kuma yana da amfani a nan: kada a kawo aikin ƙura cikin gida, a wanke jiki a canja tufafi kafin a ɗauki yaro, a sa ruwa a wurin da ƙura take tashi. Wani bincike da aka buga a 2019 kan masu haƙar zinariya a arewacin Najeriya ya nuna cewa fesa ruwa wurin niƙa ya rage dalmar da ke cikin iska da kusan kashi 95 cikin 100. Ruwa ne kawai da 'yar dabara.

Bambancin shi ne, a Bagega yara sun mutu cikin makonni, duniya ta gani, aka kawo taimako. Ƙurar katako shiru take aikinta. Ba wanda zai zo da jirgi saboda tsohon kafinta guda da ya rasu a ƙauye, ba ma wanda zai rubuta cewa sana'arsa ce ta kashe shi. Najeriya tana da dokar biyan ma'aikata diyya ta 2010, wadda ta haɗa da cututtukan da aiki yake kawowa, amma ma'aikacin da aka yi wa rajista take amfana. Mai rumfa a bakin kasuwa ba shi da wanda zai biya shi.

Yaron shago

Yanzu mun zo wurin da ya fi damunmu. Iyayen gida, masu shago, ku ba mu amsa. Idan aka kawo muku yaro koyon aiki, wane aiki kuke fara ba shi? Samfefa da tsintsiya. Shi ne mai gogewa daga safe zuwa la'asar, shi ne mai share garin katako a bushe, ƙura ta turnuƙe shi. Da dare kuma, sau da yawa a cikin shagon yake kwana, yana gadi. A cikin dukan ayyukan shago, waɗanda suka fi ƙura su muke ba wanda ya fi kowa ƙanƙanta. Ku yi lissafi. Yaro ɗan shekara 12, a ƙara masa 40, ya zama 52. Lokacin yana da mata da 'ya'ya takwas ko goma, lokacin ne ciwon zai nemo shi. Ubangidansa kuwa ya daɗe a kabari, ba zai taɓa sanin abin da ya bari ba.

A wannan lokaci na gudun hijira, yaran da ake kawowa shaguna sun ƙaru. Ƙauyuka sun watse, gona ba ta shiguwa, uwa tana neman inda ɗanta zai koyi abin dogaro. Mu kanmu muna sa yara a hannunku ta shirinmu na koyon sana'a, saboda haka laifin, idan akwai, har da mu. Ba mu taɓa tambayar ƙura ba lokacin da muke zaɓen shaguna. Daga yanzu za mu tambaya.

Ba mu zo mu raina sana'a ba. Mu Kirista mun san Yusufu masassaƙi ne, a gidansa Yesu Almasihu ya girma, har mutanen Nazarat suna kiransa da sana'ar. Manzo Bitrus a gidan majemi ya sauka a Yafa. 'Yan'uwanmu Musulmi sun san Annabi Nuhu da jirginsa, sun kuma san an ruwaito cewa Annabi Zakariya masassaƙi ne. Yaron da aka danƙa maka amana ne, a addininmu duka biyu, kuma amanar ta haɗa da lafiyar da zai tsufa da ita.

Abin da za a yi ba mai tsada ba ne. A fitar da aikin gogewa waje, ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gefe, mai aikin ya tsaya yadda iska za ta kwashe ƙurar daga gare shi, ba ta watso masa ba. Injin gogewa da ya zo da 'yar jaka a bayansa, a bar jakar, a riƙa zazzage ta a hankali. Mun ga shaguna da yawa an cire ta an yar, wai tana hana sauri. Kafin shara a yayyafa ruwa. Kada a hure ƙura da baki ko da injin iska, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. A wasa zarto da wuƙaƙen inji, gama dakusasshe ya fi tayar da gari. Kada a ci abinci a cikin shago, kada yaro ya kwana a ciki. Aikin gogewa kuma a riƙa yinsa karɓa-karɓa, da manya a ciki.

Takunkumi yana taimako, amma sai mun faɗi iyakarsa. Hankici ko bakin rawani yana tare manyan ɓarɓashi ne kawai, mai laushin yana wucewa. Wanda yake aiki shi ne mai lamba N95 ko FFP2, irin wanda muka sani lokacin korona a 2020, kuma sai ya manne da fuska ba tare da kafa ba. Mai gemu, takunkumin ba zai manne masa sosai ba. Ba mu ce kowa ya aske gemunsa ba. Abin da muke cewa shi ne, rage ƙurar tun daga inda take tashi ya fi rufe hanci, domin yana kare mai gemu da marar gemu, da yaron da yake wucewa da tallar ƙosai.

Alamun da ba a jira da su

Ga waɗanda suka riga suka yi shekarun, har da waɗanda suka bar aikin tuntuni, ku riƙe kalma guda: gefe ɗaya. Mura hanci biyu take kamawa, ko ta yi ta sauya gefe, kuma cikin mako biyu ta wuce. Amma idan hanci guda ya toshe ya ƙi buɗewa har mako uku ko huɗu, idan jini ko majina mai jini da wari tana fitowa ta gefe ɗaya, idan kunci ɗaya ya kumbura ko ya mutu kamar ba naka ba, idan haƙoran sama na gefe ɗaya suna girgiɗa ba dalili, idan ido ɗaya yana ta hawaye ko yana ganin abu biyu-biyu, to, wannan ba na kemis ba ne. Yawancin masu irin waɗannan alamu ba daji gare su ba. Sau da yawa tsiro ne marar haɗari, ko ruwa da ya taru a kogon kunci. Amma ba mai iya bambancewa sai wanda ya leƙa ciki da na'ura.

A fara da babban asibitin Shinkafi, Zurmi ko Ƙaura Namoda, a nemi takardar turawa zuwa likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Za a leƙa hancin da siririn bututu mai fitila, a ɗauki hoton sikan, a gutsuri ɗan nama a auna. Idan kun je, ko likita bai tambaya ba, ku faɗa masa aikin da kuka yi da yawan shekarun, ko da kun bari tun zamanin Shagari. Idan an kama shi yana ƙarami, ana yin fiɗa a cire, a bi da gashi na na'ura, mutane da yawa kuma suna warkewa. Idan ya kai ido ko ƙwaƙwalwa, aikin ya yi wuya, kuɗin ya ninka.

Kada a yi tsaga ko ƙaho a kan kumburin fuska. Kada a ɗura magani mai zafi a hanci. Addu'a kuwa muna yinta, za mu ci gaba da yi, amma a yi ta a cikin motar zuwa asibiti. Fastoci da limamai, ku ne mutane suke fara zuwa wurinku. Idan kuka ce wa mutum ya tafi, zai tafi. Idan kuka ce sammu ne, ya zauna ke nan.

Akwai kuma waɗanda ciwon ya riga ya yi nisa. Irin wannan ciwo yana ɓata fuska, yana wari, mutum yakan ɓuya a ɗaki don kunya, masu gaisuwa su ragu. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ana iya cin abinci tare da mai shi, ana iya riƙe hannunsa. Mata masu ziyara na ikilisiya, za mu nuna muku yadda ake wanke miki da ruwan gishiri mai tsabta, da yadda ake dama abinci mai ruwa-ruwa ga wanda ba ya iya tauna.

Bayan an tashi, ma'aikaciyar jinyarmu za ta zauna a ɗakin da ke gefe. Duk wanda hancinsa guda ya daɗe a toshe, ko yana da irin wannan a gida, ya tsaya ya gan ta, ba a biyan ko sisi. Wanda ya kamata a tura gaba, za mu rubuta masa takarda, mu duba abin da za mu iya a kuɗin mota. Shugabannin kafintoci da dukawa da masu walda kuma, muna roƙo ku ɗan jira. Muna so mu rubuta yawan yaran da suke kowane shago da shekarunsu, mu kuma sa ranar da za mu zagaya rumfunan tare da ku, ranar da ba ta kasuwa ba.